Kogon da ke Ƙarƙashin Benci

Ƙasa-Ta-Ƙi ake kirana, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Ginin rijiya ne sana'ata tun gemuna bai fito ba. Ƙasa ta sha ruftawa da ni, kowane karo sai ta tauna ni, ta ji ɗaci, ta tofar. Waɗanda muka fara aikin tare duk sun tafi, wasu a cikin rami, wasu a kan katifa, ni kuwa ga ni nan ina tauna ƙashi da haƙorana. Ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban sani ba. Babbar 'yata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata idan ta sauya mini kalma ɗaya zan gane, don sai na sa wani ya karanta mini daga farko.

Abin da ya sa nake so a rubuta shi ne surutun da ake yi a unguwa. Wasu na cewa fim ne ya ci rijiyata, wasu marasa kunya kuma na cewa bakina ne. To ga yadda aka yi.

Rijiyar tana bakin layinmu, daidai inda hanya ta yi kwana, tsakanin shagon Mai Kemis da rumfar Mai Aski. Ni na gina ta, lokacin babu shago babu rumfa, sai fili da ƙaya. Unguwar ce ta zo ta same ta. Duk wanda ya kafa tubali a layin nan da ruwanta ya kwaɓa, duk yaron da aka haifa da ruwanta aka fara wanke shi, har shi Mai Kemis ɗin. Duk rani nakan ɗaura igiya in sauka in yashe ta, in kwashe laka da guntayen guga da takalman yara. Ban taɓa barin wani ya shiga ba. Gefenta akwai wani dogon benci na katako, a nan mu manyan layi muke zama da la'asar: ni, Mai Aski, Mai Faci, da duk wanda ya ga yana da bakin zama da mu.

Sai aka wayi gari wata mota mai dogon hanci ta zo ta huda ƙasa a bayan makarantar unguwa, aka ɗora tanki, aka ja famfo. Mata suka koma can, wai ba sai an ja igiya ba. Ko a jikina. Mai son ruwa ya san inda ruwa yake, mai son ɗanɗanon ƙarfe kuma ya tafi famfo. Amma tun daga nan Mai Kemis ya sa rijiyata a gaba. Shi ne shugaban kwamitin unguwa, saboda ya iya riƙe biro. Yau ya ce taɓo na ɓata masa ƙofar shago, gobe ya ce sauro, jibi ya ce yara za su faɗa. Duk zaman da ya kawo maganar a cike ta, sai Mai Aski ya miƙe ya ce ba a yi wanda zai taɓa rijiyar nan yana raye ba, Mai Faci ya mara masa, sauran 'yan benci su ɗauka. Haka maganar ke mutuwa. In faɗi gaskiya, bencin nan ne katangar rijiyata.

Ana cikin haka ɗan ƙanina ya dawo daga birni. Ubansa ya rasu yana ƙarami, a gidana ya girma, da kuɗin aikin rijiya na goya shi. Ya dawo da tabarau da wata jaka, mutanensa na bin sa suna kiransa Darakta, har 'yan unguwa suka ɗauka. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan kirki, sannan ya ce fim ya zo yi a layinmu, kuma ni yake so in fito a matsayin tsohon.

Na tambaye shi labarin mene ne. Ya ce labarin tsohon abu da sabon abu ne, yadda ƙaramin wuri ke zama idan canji ya shigo: wani tsoho mai ginin rijiya, da surukinsa da ya kawo famfo, da mutanen da suka rabu biyu. Na ce to wa ya yi nasara? Ya gyara tabarau ya ce ai babu mai nasara, wannan shi ne daɗin abin. Na ce masa wannan ba labari ba ne, zaman jiran mota ne. Ya yi dariya. Duk da haka na yarda, don na san in ban fito ba wani ragon tsoho za su samo wanda bai taɓa riƙe diga ba, ya je ya zubar wa masu sana'a mutunci a idon duniya.

Aka fara. Suka cika layi da wayoyi da fitilu da rana tsaka, wani na riƙe da sanda mai gashi a kai kamar mushen kyanwa, wai ita ke jin magana. Wanda aka sa ya fito a matsayin surukin, wani dogo ne mai laushin hannu. Ranar farko na ba shi guga ya ja, tafinsa ya saɓule, aka kai shi wurin Mai Kemis. Ni kuwa duk abin da aka ce in yi, sau ɗaya nake yi ya zauna. In aka sake, to na'urarsu ce ta yi kuskure.

Rigima ba ta tashi ba sai da aka zo ƙarshen fim. Darakta ya sa aka gyara ɗakina, aka kawar da buhunan da ke bayan ƙofa, aka kwantar da ni a gado aka lulluɓe ni da bargo. Ya ce abin da zan yi kaɗan ne. Dogon zai durƙusa a gefena, in miƙa masa igiyata, in ce ruwa ruwa ne ko ta ina ya fito, sannan in rufe ido, hannuna ya faɗi.

Na ce in rufe ido in yi me? Ya ce tsohon ya cika ke nan.

Na yaye bargon na tashi zaune.

"Kai, yaro. Ƙasa ta danne ni har wuya ban mutu ba, sai in mutu don akwatin nan naka?"

"Baba, wasa ne. Ba kai ne za ka mutu ba, tsohon cikin fim ne."

"Fuskar wa za a gani?"

Matata tana bayan labule tana ƙyaƙyata dariya, na ce mata in abin daɗi ne ta zo ta kwanta ita ta mutu. Darakta da mutanensa suka lallashe ni, na koma na kwanta. Dogon ya durƙusa, ya matso hawaye da ƙyar, ya miƙo hannu zai karɓi igiyar. Igiyar nan ta ɗauke ni ta fito da ni daga wuraren da ko maciji ba ya shiga. Na dubi saɓulallen tafinsa, sai na ji hannuna ya ƙi saki. Ya ja, na ja. Ya ƙara ja, na fizge, ya faɗo da goshi a kan ƙarfen gado. Aka sake kai shi wurin Mai Kemis.

Da Darakta ya ga ba ni da niyyar mutuwa, sai ya sauya shawara. Ya ce to a bar gadon. In zauna a bakin rijiya in faɗi abin da ke raina game da ita, da bakina, yadda na ga dama, da shi za a rufe fim. Na ce yanzu ka yi magana irin ta ɗan gidanmu.

Washegari da hantsi, kafin 'yan benci su fito, na zauna a bakin rijiyata da igiya a kafaɗa. Aka saita na'ura, aka rataya mushen kyanwa a saman kaina. Na buɗe baki. Na faɗi yadda na fasa dutse da dagi har idon ruwa ya fashe ya buge ni a ƙirji. Na faɗi yadda iska ke ƙarewa a ƙasa har wutar ashana ta mutu, ni ban mutu ba. Na ga mai riƙe na'ura ya saki baki, na ga dogon ya matso da filasta a goshi yana saurare. Duk wanda ya taɓa ba da labari ya san yadda ake ji idan masu saurare suka yi tsit: maganar da kanta take ƙara tsawo. Sai na nuna bencin da haɓa na ce:

"Kun ga bencin can? Masu zama a kai ba su san a kan me suke zaune ba. Ruwa ya daɗe yana cin gindin rijiyar nan ta wancan ɓangaren. Akwai kogo a ƙasa wanda jaki zai shiga da kayansa ya juya. Ba siminti ke riƙe da layin nan ba, ni ke riƙe da shi. Duk rani ni ke sauka in tokare shi. Ranar da na daina sauka, ƙasa za ta buɗe baki ta haɗiye benci da masu benci."

Darakta ya ɗaga hannu aka tsayar. Ya matso ya rage murya ya ce, Baba, maganar kogon nan da gaske ne? Na dube shi sama da ƙasa. Yaron da na share wa majina yau shi ke tambayata ko da gaske nake. Na ce masa ya tambayi uwarsa ko ta taɓa jin na yi ƙarya.

Bayan kwana kaɗan ya same ni a gida, na'urarsa a hannu. Ya ce ya kalli abin ya sake kallo, maganata ta yi kyau ƙwarai, amma yana so ya cire wurin kogon. Wai mutanen unguwa ne za su fara gani, kuma ba lalle su ji shi yadda nake nufi ba. Na gane nufinsa sarai. Wurin da ya fi kowane nuna ko ni wane ne, shi yake so ya yanke, don dogonsa mai famfo ya samu ya ɗaga kai. Na ce masa idan ya cire ko tari ɗaya daga maganata, to kada ya ƙara taka ƙofar gidana, kuma ya nemi wani ya kira Baba. Ya daɗe yana murza tabarau a gefen riga, sannan ya ce shi ke nan, yadda na ce haka za a yi.

Ranar da za a nuna fim, a makarantar unguwa aka yi, da rana. Aka toshe tagogin wani aji da barguna da kwalaye, aka haska bango. Ranar ce na fara zama a aji a rayuwata, kuma a layin gaba, ba a baya ba. Kujerar yara ce, gwiwoyina har haɓa, amma na zauna kamar an yi ta domina. Mai Aski na damana, Mai Faci na haguna, ajin ya cika har ƙofa, zafi kamar gindin rijiya.

Da farko abin gwanin daɗi. Kowa na ganin kansa a bango yana ihu, wata ta ga akuyarta ta wuce ta kama kiran sunanta. Aka nuno ni ina jan guga da hannu ɗaya, aji ya ɗauki tafi. Aka nuno dogon yana kafa famfo, yara suka yi masa eho. Aka nuno mata sun rabu, wasu nan wasu can, ana harare-harare a kan hanya. Ba zan ɓoye ba, ɗan ƙanina ya iya aikinsa, rijiyar ta fito a bango kamar amarya. Mai Aski ya dafa kafaɗata ya ce yau Mai Kemis sai ya sha maganin ciwon kai daga shagonsa.

Sai ga fuskata ta cika bango, ina nuna benci da haɓa.

Na ji muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na san ta. Jaki da kayansa. Benci da masu benci. Ina jiran tafi, sai na ji ajin ya yi tsit, ba irin tsit ɗin da na saba ba. Hannun Mai Aski ya sauka daga kafaɗata a hankali. Mai Faci ya sunkuya yana kallon ƙasan ajin kamar nan ma akwai kogo. Wata mata a baya ta ce da ƙarfi, ita kullum a gindin bencin nan take ajiye jaririnta in za ta ja ruwa.

Da aka yaye barguna haske ya shigo, Mai Kemis ya miƙe. Na so a ce ya yi zagi, da na san abin da zan yi da shi. Bai yi ba. Ya gyara wuyan riga kawai ya ce:

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Ba ni na faɗa ba, mai rijiya ne ya faɗa."

Ya ce kwamiti zai zauna ranar hutu mai zuwa, a wannan ajin.

Kashegari da la'asar na fito kamar kullum. Babu benci. Sai sawun ƙafafunsa a ƙasa, ramuka huɗu da shekaru suka haƙa. Na ɗaga kai, ga shi can tsallaken hanya a jikin katangar wani, Mai Aski da Mai Faci na zaune a kai suna kallon wani wajen. Mai Faci ya ɗago hannu ya ce in ƙaraso mana, nan ma akwai inuwa. Na ce masa inuwar matsorata ba ta isar mini. Na zauna a bakin rijiyata ni kaɗai har rana ta faɗi. Ko guga ɗaya ba a jefa ba. Mata na zuwa kwanar sai su ja yaransu su bi ta ɗaya gefen, kamar an ce mahaukacin kare ne a kwance.

A gida matata ta sa ni gaba. Ta ce shekara nawa tana wanke mini kayan yasa, ba ta taɓa jin zancen kogo ba sai da aka kawo na'ura. Ta ce kowa a layin nan ya san ni, an san in na kama kifi kamar yatsa kafin in iso gida ya zama kamar cinya, kuma ba wanda ya taɓa ƙina don haka.

"Malam, ka je ka ce musu ƙari ka yi. Za su yi dariya, su mayar da benci, shi ke nan. Dariya ba ta kisa."

Na ce mata ita ba ta taɓa sauka ƙasa da tsawon tsani ba, don haka ta bar maganar ƙasa ga masu ita.

Darakta ma ya zo, idonsa ya yi zuru-zuru. Ya ce bai yi fim don a rufe rijiya ba, ya yi ne don a san darajarta. Ya ce yana da wata ƙaramar na'ura mai fitila, za a ɗaura ta a igiya a zura, ta ɗauko gindin rijiyar kowa ya gani. In kogon ƙarami ne, magana ta ƙare, a toshe shi da siminti a ci gaba da sha. Na ce masa rijiyata ba ta tsiraici a gaban jama'a. Ido ɗaya ne ya san cikinta, kuma yana kaina. Na ce in na ga igiyar wani a bakinta, da shi da na'urar zan zura. Ya ce, Baba, za su cike ta fa. Na ce ka tashi ka ba ni wuri, kai ka kawo mana wannan masifa da akwatinka.

Ranar zama ajin ya sake cika, wannan karon babu bargo a taga, kowa na ganin kowa. Mai Kemis na gaba da bironsa. Ya ce magana ɗaya ce: in akwai kogo kamar yadda aka ji, dole a cike rijiya kafin damina, in kuwa babu, to mai rijiya ya faɗa a gaban jama'a, a bar ta. Ka ji makirci. Ya san abin da yake yi.

Mai Aski ya miƙe. Mutumin nan shekara da shekaru yana aske mini kai, ya san duk tabon da ke ƙeyata da inda na samo shi. Ya juyo ya dube ni, muryarsa a sanyaye.

"Ƙasa-Ta-Ƙi, mu fa mun san ka. Daɗin baki ne ya ɗebe ka a gaban na'ura, ko wa ma zai iya. Ka ce mana jakin nan bai kai jaki ba, yanzun nan mu ɗauko benci mu mayar."

Wani ya ce ko ɗan akuya ne ma a faɗa. Aka fara ƙananan dariya. Na waiwaya na dubi ajin. Duk fuskokin a shirye suke, baki a ɗan buɗe, jira kawai suke in faɗa su fashe. Ba dariyar ƙiyayya ba ce, ta fi ta muni, irin wadda ake yi wa tsohon da ya zubar da abinci a riga. Na ga matata a bakin ƙofa tana gyaɗa mini kai. Na ga Darakta ya haɗa hannu kamar mai roƙo. Sai na dubi Mai Kemis, ga wani ɗan murmushi a gefen bakinsa. Shi ko ta ina ya ci. In na tsaya a kan maganata ya samu rijiya. In na janye ya samu abin da ya fi rijiya: daga ranar duk sanda na ce ƙasa ta rufe ni har wuya, wani yaro zai ce ko dai har idon sawu ne, Baba? Dutsen da na fasa ya zama hogen ƙasa, ashanar da ta mutu ta zama iska ce ta hure ta. Sunan da mutane suka ba ni da bakinsu ya koma abin tsokana. In zauna a bencin da aka mayar, ina jan ruwa daga rijiyata, ana ƙyafta ido a bayana.

Na miƙe. Kujerar yaran ta biyo ni ta faɗi, ban waiwaye ta ba.

"Jaki na ce? To na rage ne don kada mata su firgita. Kogon nan ya wuce benci tuni. Bara da na sauka, sai da na yi rarrafe a cikinsa har na ji motsin ƙafar Mai Kemis a saman kaina yana auna wa mutane magani."

Ba wanda ya yi dariya. Murmushin Mai Kemis ya ɗauke kamar an hure fitila, na ga ya dubi ƙafafunsa. Wannan kaɗai ya biya ni. Mai Aski ya koma ya zauna. Aka ce masu son a cike su ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, ba na ƙirga maƙiya. Na dai ga hannun Mai Faci a sama, da na Mai Aski rabi-rabi, kamar mai sosa kunne.

Sharaɗi ɗaya na kafa, kuma ba wanda ya isa ya musa: ba mai zuba ko cokali ɗaya na yashi sai na sauka na yi sallama da ita. Da safe na ɗaura igiyata a jikin turken da na kafa da hannuna, na sauka, ƙafa nan ƙafa can, a ramukan da na sassaƙa tun ina da ƙarfin bijimi. Jama'a sun taru daga nesa, ba mai matsowa. A ƙasa sanyi ya rufe ni, ƙanshin laka ya cika mini hanci, sama ta koma kamar bakin kwano. Na ɗebi ruwan da tafi na sha. Sannan na juya ɓangaren benci na zura hannuna a cikin kogon. Inda yatsuna suka tsaya, tsakanina da ita ne. Na daɗe a ƙasa, har na ji muryar matata daga sama tana kiran Malam, Malam, da wata irin murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Sai na hau.

Mai Kemis, saboda tsoron shagonsa, tifa-tifa ya sa aka yi ta kawo yashi, aka tara tsibi a bakin layi kamar za a gina asibiti. Ni na zuba shebur na farko, ban bar masa wannan ba. Matasa suka karɓa. Kafin rana ta karkata rijiya ta cika har baki, tsibin yashi kuwa ko rabi ba a ci ba. Matasan suka tsaya riƙe da shebur suna kallon yashi, suna kallona. Mai Faci ya buɗe baki zai yi magana. Na riga shi. Na ce me kuke tsammani na tsaya yi a ƙasa da safe? Na toshe kogon da duwatsu da hannuna, don kada yashinku ya tafi a banza.

Aka shafe bakin da siminti. Ragowar yashin yana nan har yau a ƙofar shagon Mai Kemis, ya rasa mai kwashewa, yara sun mai da shi wurin wasa, iska na watsa masa shi cikin kwalaben magani. Da taɓo yake kuka, yanzu ya samu abin kuka.

An mayar da benci wurinsa, ƙafafunsa a ramukansu na da. Mai Aski ya aiko a ce in zo, ban je ba, wani wanzami nake zuwa yanzu a can gaba, hannunsa kamar na mahauci amma bai taɓa ɗaga shi don a cike rijiyata ba. Da la'asar nakan fito da 'yar kujerata in zauna a kan simintin, in ba su baya. Matata na ɗebo ruwa a famfo, ta zuba a randa ta rufe, tana tsammanin ban sani ba. Ina sha, in ce mata ɗanɗanon ƙusa yake yi, ta ce to.

Darakta ya koma birni. Yana aiko da gaisuwa, wai an nuna fim ɗin a wurare masu nisa, mutanen da ba su san mu ba suna miƙewa suna tafi idan aka zo wurin tsohon da ya riƙe layi guda da hannunsa. Ban amsa masa ba, kuma ba zan amsa ba. Amma ka ga su can sun gane abin da na kusa suka kasa ganewa.

'Yata ta ajiye biro tana kallona, wai in gaya mata gaskiyar kogon ita kaɗai, ba za ta rubuta ba. Ɗauki bironki. Rubuta cewa kogon yana nan yadda na faɗa, har ya fi. Wanda ya musa, ga shebur, ya zo ya tone ya gani.